Ƙibar ƙananan yara: tubarkallar yau, kukan gobe

Mun san abin da wasu masu karatu za su ce da ganin kan wannan sharhi: jaridar ta rasa abin faɗi a wannan mako. A ƙasar da binciken da hukuma ta yi a shekarar 2022 ya nuna cewa yara 47 cikin 100, ƴan ƙasa da shekara biyar, ba su kai tsayin da ya dace da shekarunsu ba saboda ƙarancin abinci mai gina jiki. A ƙasar da ba ta manta da 2005 ba, shekarar da ƙungiyar likitoci ta MSF ita kaɗai ta yi jinyar yara sama da dubu 60 masu tsananin tamowa, akasarinsu a jihar Maraɗi. A irin wannan ƙasa, wane mai hankali ne zai tashi ya ce ƙibar yara abin damuwa ce? Ana fama da wanda bai samu ba, ka zo da zancen wanda ya ci ya yi yawa?

Tambayar tana bisa hanya, kuma ba mu da niyyar kauce mata. Yunwa ita ce babbar cutar yaran Nijar, jiya da yau, kuma duk wanda ya ce ƙiba ta kama ƙafarta wajen yawa bai faɗi gaskiya ba. Amma akwai dalili biyu da suka sa muka ga wajibi ne a yi magana tun yanzu. Na farko, yunwa da ƙiba ƴan uwan juna ne, ɗaya na share wa ɗaya hanya, kamar yadda za mu nuna nan gaba. Na biyu, mun san inda ake karanta wannan jarida: rumfunan babbar kasuwar Maraɗi da na kasuwar Dole ta Damagaram, ofisoshin Tawa da ma'aikatun Yamai. Yaron da muke magana a kansa yana gidan mai karatu ko gidan maƙwabcinsa, kuma da yawa daga cikin kayan da ke sa shi ƙiba a kantin mai karatu ake sayar da su.

Kowa ya san yadda abin yake a gidan suna ko na biki. A shigo da yaro ɗan shekara uku, kumatu sun cika, wuya ya haɗe da ƙirji, cinyoyi na gugar juna, sai mata su ɗauki tubarkalla, a ce uwarsa ta iya kiwo, ubansa na da hali. A shigo da ɗan uwansa siriri mai ƙiriniya, wanda ba ya zama wuri ɗaya, sai kaka ta ja uwar gefe ta tambaye ta ko ba ta ba shi abinci. Ba mu ga laifin kakar ba. Ta ga farin 1973, ta ga na 1984, wataƙila ta rasa ɗa ko biyu tun suna goye. A idonta rama ƙofar kabari ce, ƙiba kuwa garkuwa. Al'adun ƙasar nan duka sun tafi a kan haka: Zabarmawa na da hangandi, inda mata ke kiwon jiki a yi gasar wadda ta fi cika, Abzinawa sun san ɗurar nono ga ƴan mata, Bahaushe kuwa in ya ga mutum ya aje teɓa sai ya ce hutu ya zauna masa. Abin da kakar ba ta lura da shi ba shi ne akushin ya canza. Jikin da ta saba yabawa na nono ne da hatsi, a wurin mutanen da ke wuni suna aiki da tafiya a ƙasa. Wanda take yabawa yau na sukari ne da mai da farin gari, a jikin yaron da ba ya motsi.

Ga abin da ke faruwa a duniya. Hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta ƙiyasta cewa a shekarar 2024 yara miliyan 35 ƴan ƙasa da shekara biyar nauyinsu ya wuce kima. A watan Satumba na 2025 kuma UNICEF ta bayyana cewa, a karon farko, tsakanin yara da matasa masu shekara 5 zuwa 19, masu ƙiba sun fi ramammu yawa: su miliyan 188, kusan ɗaya cikin goma. Yankuna biyu kaɗai suka rage inda rama ta fi yawa, Afirka ta kudu da Sahara da kudancin Asiya. Wanda ya ga wannan ya ce to mu mun tsira bai karanta tarihin wasu ba. Meksiko da Masar da Afirka ta Kudu sun daɗe suna kukan yunwar yara, ba su gama share hawaye ba suka tarar da kaya biyu a kansu, tamowa a ƙauye da ciwon sukari a birni, wani lokaci ma duka biyun a gida ɗaya. In gemun ɗan uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Wani zai ce ai ƙibar ƙuruciya ce, in ya fara gudu za ta zube. Likitocin birnin Leipzig na Jamus sun bi awon yara sama da dubu 50 daga jarirantaka zuwa samartaka, suka buga sakamakon a 2018. Sun tarar cewa kusan 90 cikin 100 na yaran da ke da ƙiba suna shekara uku sun kai samartaka da nauyin da ya wuce kima, kuma a wurin samari masu ƙiba, lokacin da nauyin ya fi saurin hawa shi ne tsakanin shekara biyu da shida. Wato kafin a rubuta yaro a lakwal an riga an yanke masa rabin hukunci. Shi ya sa ya kamata mu bi sawun abin tun daga inda ya faro.

Tun daga ciki

Yaro na gadon iyayensa ta hanya biyu, ta jini da ta akushi. Ɗan da uwa ko uba ke da ƙiba ya fi kusa da yin ta, in kuwa duka biyun ne, haɗarin ya ƙaru. Macen da ta ɗauki ciki da nauyi mai yawa, ko ta ƙara nauyi fiye da kima a lokacin goyon cikin, ko sukarin jininta ya hau, tana aika wa ɗan tayi wannan sukari ta igiyar cibiya. Jikin ɗan tayin sai ya yi ta fitar da sinadarin insulin don ya sarrafa shi, insulin kuwa aikinsa ajiyar kitse. Ta haka ake samun jariri mai kilo huɗu ko fiye, wanda dangi ke yi wa guɗa alhali ungozoma ta san wahalar da aka sha kafin ya fito. Ciwon sukari na mai ciki ba ya ihu; sai an auna jini ake ganin sa. Matan alhazai da matan ma'aikata nawa ne ake auna wa sukari a lokacin awon ciki?

Ga kuma ɗaya gefen, wanda ya fi shafar ƙasarmu. A hunturun 1944 zuwa 1945, ana cikin yaƙin duniya na biyu, yunwa ta faɗa wa yammacin ƙasar Holan na ƴan watanni. A 1976 masu bincike suka duba awon samari kusan dubu 300 da aka kira aikin soja a ƙasar, suka ga cewa waɗanda yunwar ta sami uwayensu a farkon rabin goyon ciki sun fi sauran yin ƙiba. Daga baya likitan Ingila David Barker ya nuna cewa jariran da aka haifa da ƙarancin nauyi sun fi kamuwa da ciwon zuciya da hawan jini da ciwon sukari in sun manyanta. Bayanin da masana ke bayarwa mai sauƙin ganewa ne ga duk wanda ya taɓa ganin fari: jikin da ya ginu cikin rashi yana koyon tattali, ya riƙe duk abin da ya samu, kuma ba ya manta wannan darasi ko da wadata ta zo.

To, mu ɗora wannan bisa tarihinmu. Ƴaƴan 1984 su ne ƴan arba'in na yau, masu rumfa da masu ofis. Ƴaƴan 2005 sun kai ashirin, da yawa daga cikin matan har sun fara haihuwa. Yarinyar da ta tashi a ƙauye ba ta samu isasshen abinci ba, ta tsaya gajera, aka aurar da ita birni inda karin kumallo shayi ne da burodi, abincin rana shinkafa da mai, ita ce ta fi kowa kusa da ƙiba da hawan jini, kuma ɗanta zai bi ta. Ƙasar da kusan rabin yaranta suka tsumbure tana ɗauke da irin ƙibar gobe a cikin rumbunta. Yaƙi da tamowa da yaƙi da ƙiba yaƙi ɗaya ne, a kan uwa ɗaya da yaro ɗaya, cikin kwana dubu na farko, daga ɗaukar ciki zuwa cikar shekara biyu.

Daga nono zuwa bibero

OMS na ba da shawarar nonon uwa zalla, ba ko ruwa, har wata shida, sa'an nan a ci gaba da shayarwa tare da abinci har shekara biyu, wa'adin da addinin Musulunci ma ya ambata. Babban binciken lafiyar al'umma na 2012 ya nuna cewa jarirai 23 kaɗai cikin 100 ke samun nono zalla a Nijar. A ƙauye ruwa da jiƙe-jiƙe ke shiga tsakani. A birni kuwa gwangwanin madara. Bincike da dama sun nuna cewa yaron da ya sha nono bai kai ɗan bibero haɗarin ƙiba ba, kuma dalili ɗaya a fili yake. Jariri a ƙirjin uwarsa in ya ƙoshi sai ya saki. Bibero kuwa yana da ma'auni a jikinsa, gwangwanin na da tsada, don haka ƴar reno za ta yi ta tura masa har sai ta ga ƙasan kwalba. Yaron da aka koya wa wuce ƙoshi tun yana wata uku zai daɗe bai gane inda ƙoshi yake ba. Wasu ma har sukari ko garin kunu suke ƙarawa a ciki don ya yi barci.

Kafin mu ga laifin uwa ma'aikaciya, mu yi lissafi. Dokar aiki ta ba mai haihuwa hutun mako 14, takwas daga cikinsu bayan haihuwa, sai awa ɗaya a rana ta shayarwa. Wata shida kuwa mako 26 ne. Malamar lakwal ko sakatariyar da gidanta ke wannan gefen Yamai, ofishinta na wancan gefen, awa ɗaya ko kuɗin mota da lokacin zuwa da dawowa ba za ta biya ba. Gwamnatin da ke liƙa hotunan nono zalla a bangon asibiti ita ce mai gidan wannan malama. Da wane bakin take yi mata wa'azi?

Bayan madara sai kunun gwangwani. Tun 1981 babban taron OMS ya amince da ƙa'idar da ta hana tallata madarar jarirai ga iyaye da raba ta kyauta a asibitoci, amma kasuwa ba ta rasa ƙofar shiga ba. A watan Afrilu na 2024 ƙungiyar Public Eye ta Suwizalan, tare da ƙungiyar IBFAN, ta auna garin kunun jarirai na Cerelac da ake sayarwa a ƙasashe daban-daban. A Senegal ta tarar da kusan giram 6 na ƙarin sukari a kowane kwano na ɗan wata shida, alhali irinsa da ake sayarwa a Suwizalan ba shi da ƙarin sukari ko kaɗan. Kamfanin Nestlé ya amsa cewa yana bin dokokin kowace ƙasa. Wannan amsa ta nuna mana inda gizo ke saƙa: inda doka ta yi shiru, kamfani ba zai yi wa kansa doka ba.

Sukari, zama da magani

Ƙananan kwalbar lemo mai santilita 33 na ɗauke da kusan giram 35 na sukari, wato ƙwayar sukari bakwai. OMS ta ce a 2015 kada sukari ya wuce kashi 10 cikin 100 na ƙarfin da mutum ke samu daga abincin wuni, in so samu ne ma kada ya kai kashi 5. Ga yaro ɗan shekara huɗu, kashi 10 ɗin bai wuce giram 30 zuwa 35 ba. Ke nan kwalba ɗaya ta cinye masa rabon wuni, tun ba a lissafa sukarin kunu ba, da nonon leda mai zaƙi, da garin lemo da ake damawa a buta, da kofin shayi na uku da baba ke miƙa masa don a yi dariya. A 2023 hukumar ta fito ƙarara ta ce kada a ba yaron da bai kai shekara biyu ba wani abin sha mai sukari. Abin da aka saba wa harshe da shi tun yana ɗanye shi zai riƙa nema, kuma yaron da ya saba da lemo zai ce fura ba ta da daɗi.

Je ka ƙofar kowace lakwal ko makarantar renon yara da ƙarfe goma ka ga abin da dala ashirin ke saya: alawa, biskit, cingam, ƙanƙara mai launi, fari-masa da ya sha mai. Mu da muka yi lakwal ba da daɗewa ba mun tarar da goriba da magarya da gyaɗa a tiren talla. Yau sai an nema. Kada kuma a ɗauka abin ya tsaya gidan masu hali. Alawar dala biyar ta fi ƙwai ɗaya arha nesa ba kusa ba, taliyar leda ta fi tuwo saurin dahuwa, burodi da mayonez ba ya bukatar icce ko gawayi. Irin wannan abinci yana cika ciki, yana tara kitse, amma ba ya gina jini ko ƙashi, shi ya sa ake samun yaro mai ƙiba kuma mai ƙarancin jini a lokaci guda. Abin takaici, har ledar Plumpy'Nut, wadda aka yi don ceton mai tamowa, giram 92 mai kalori 500, tana ɓullowa a teburin ƴan tireda, ana saya wa lafiyayyun yara kamar alawa. An cuci wanda aka yi ta dominsa, an kuma cuci wanda ya sha.

Sai zama. Gidan ma'aikaci ko na alhaji a yau katanga ce doguwa da ƙofar ƙarfe. Yaro na fita a mota ko bisa babur, ya dawo haka, ya zauna gaban tele. In ya yi kuka a miƙa masa waya. Langa da tsere da wasan dandali sun zama na ƴaƴan talakawa, su ma ɗin in sun samu fili, don a biranenmu filin da aka keɓe wa jama'a bai cika daɗewa ba kafin a wayi gari a ga an yanka shi an zuba bulo. Ƙa'idar OMS ta 2019 ta ce yaro daga shekara ɗaya zuwa huɗu na bukatar motsa jiki na awa uku a wuni. Wanda bai kai shekara biyu ba kada a zaunar da shi gaban tele ko waya, daga biyu zuwa huɗu kuma kada ya wuce awa ɗaya. Ta ce ɗan shekara uku ko huɗu na bukatar barcin awa 10 zuwa 13. Yaron da ke zaune ana kallon fim har sha biyun dare, a tashe shi da asuba, ƙarancin barcin nan na ƙara masa jin yunwa da kwaɗayin zaƙi.

Mafi muni shi ne ƙibar da ake saya da kuɗi. Uwa ta gaji da gorin dangin miji cewa ɗanta ba ya ƙiba, sai ta tari mai tallan magani a kan tire. Zai ba ta ruwan maganin buɗe ciki mai sinadarin siproheptadin, wanda asalinsa maganin ƙaiƙayi ne da atishawa, yana sa ci da barci. Ko kuma ya ba ta ƙwayar da ake kira sha-ka-fashe, wadda sau da yawa deksametazon ce. Wannan magani ne mai ƙarfi da likita ke bayarwa da awo don cututtuka na musamman. In aka ɗora yaro a kansa fuska za ta kumbura, jiki ya tara ruwa da kitse, sukarin jini ya hau, garkuwar jiki ta yi rauni, tsayi ya tsaya. Dangi su ce tubarkalla, alhali guba ce ke aiki.

Wa zai biya?

Ɗan kasuwa ya fi kowa sanin cewa bashi ba ya ruɓa. Ƙibar yaro bashi ce da ake biya bayan shekara ashirin ko talatin, da ciwon sukari, da hawan jini, da shanyewar ɓarin jiki, da ciwon gwiwa. Kafin nan kuma akwai tsokanar ƴan aji, wadda ke sa yaro ya ƙi wasa, ƙin wasan ya ƙara masa nauyi. Ciwon sukari ba zazzaɓi ba ne da za a sha magani kwana uku a tashi. Magani ne na har abada, in ƙoda ta gaza kuma wankin ƙoda ne sau biyu ko uku a mako. Albashin wane ma'aikaci ne zai ɗauki wannan? Alhajin da ya tara don ɗansa ya gaji rumfa zai so ya ga dukiyar ta ƙare tsakanin Kano da Tunis da Indiya? Ita kanta gwamnati, wadda tun 2006 ta ɗauki alkawarin jinyar yara ƴan ƙasa da shekara biyar kyauta kuma ta sha wahalar cika shi, ina za ta sami abin jinyar tsara guda ta masu ciwon sukari? Rigakafin wannan cuta kusan kyauta ne, maganinta kuwa ya fi ƙarfin baitulmalinmu.

Don haka muke kira ga ma'aikatar kiwon lafiya ta buɗe ido na biyu. Duk kayan aikin da muka gina tun 2005 ƙasa suke kallo. Igiyar awon dantse, wadda ta ceci rayuka masu yawa, tana nuna ja in dantsen yaro bai kai milimita 115 ba, amma ba ta da launin da zai ce ya yi yawa. Ma'aunin girman yara da OMS ta fitar a 2006 yana da layi na sama kamar yadda yake da na ƙasa. A auna tsayi tare da nauyi a ranar awo, a rubuta a karne, a kuma gaya wa uwa gaskiya cikin mutunci in ɗanta ya haura. A sa awon sukari cikin awon ciki. A kama masu sayar da sha-ka-fashe, a fara da masu shigo da shi kafin mai tire.

Gwamnati a matsayinta ta babbar mai ɗaukar ma'aikata ta fara da kanta: ko ta tsawaita hutun haihuwa, ko ta keɓe ɗaki a kowace ma'aikata da babbar lakwal inda ƴar reno za ta zauna da jariri kusa da uwarsa. Ma'aikatun kasuwanci da na kuɗi kuma su dubi abin da wasu suka yi. Meksiko ta sa haraji a kan abin sha mai sukari a 2014, Afirka ta Kudu a 2018, maƙwabciyarmu Najeriya ta fara karɓar naira 10 a kowace lita a 2022. Ƙasar Chili tun 2016 ta tilasta buga baƙin tambari a gaban duk kayan da sukari ko gishiri ko mai ya yi wa yawa, dabarar da ta dace da ƙasar da yawancin masu saye ba sa karanta ƙananan rubutun bayan leda. Mun san abin da ƴan kasuwa za su ce: rayuwa ta yi tsada, kuma duk harajin da aka ƙara a duwan riba ce ga ƴan fasa-ƙwauri a kan iyaka mai tsawo irin tamu. Maganar na da ƙamshin gaskiya, shi ya sa ba mu ce a taɓa buhun shinkafa ko na sukarin gida ba. Lemon kwalba da garin lemo ba abincin talaka ba ne, kuma in aka rubuta a doka cewa kuɗin da aka tara za su tafi cibiyoyin jinyar tamowa, kowa zai ga inda dalarsa ta shiga. Hukumomin birane su ma suna da nasu: su bar wa yara filin wasa a kowace unguwa, su zauna da mata masu talla a ƙofar lakwal a shirya abin da za a riƙa sayarwa, ba tare da an raba kowa da abin neman abincinsa ba.

Ga alhazanmu kuwa, magana ta ƴan uwantaka. Kun gina masallatai, kun haƙa rijiyoyi, kuna fitar da zakka, jama'a shaida ce. Kuɗin da ke shigo da kwantena ta alawa da biskit zai iya kafa injin garin kunun yara na hatsi da wake da gyaɗa, irin wanda ƙungiyoyin mata ke haɗawa da hannu, kuma kasuwarsa na nan tun daga Ƙwanni har Diffa. Riba ce da ba za ku ji kunyar ganin jikanku na sha ba.

Kalma ta ƙarshe ta iyaye maza ce, don mun saba jibga wa mata duk abin da ya shafi yaro. Cefane a hannun maigida yake, kuma ledar tsarabar da yake shigowa da ita da dare ita ce rabin matsalar. Ba mu ce a hana yaro abinci ba. Ƙaramin yaro ba a sa shi azumin rage ƙiba, kuma duk wanda ya ga nauyin ɗansa ya ba shi tsoro ya kai shi wurin likita. Abin da ake so shi ne nauyi ya dakata tsayi ya cim masa, kuma hanyar sananniya ce: ruwa a maimakon lemo, tuwo da miyar kuka da dambun zogale da wake da nono marar sukari, ƴaƴan itatuwa a lokacinsu, a kashe tele a lokacin cin abinci, a bar yaro ya ture kwano in ya ƙoshi, a buɗe masa ƙofa ya yi gudu, ya kwanta da wuri. Wannan kuma sai gida duka ya bi, don ba a hana yaro abin da yake ganin ubansa na sha. A zauna da kaka a yi mata bayani cikin ladabi. Wadda ta yi tsaron ƴaƴanta a shekarun fari ba za ta ƙi tsaron jikokinta ba in ta gane inda haɗarin ya koma. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah ya raya mana zuriya cikin ƙoshin lafiya, ya kuma ba mahukunta ikon jin wannan kira tun kafin lissafin ya fi ƙarfin kowa.